Dutse mai aman wuta: inji yana nuna hanyar da wuta za ta bi

A ƙasar Kwango akwai wani babban gari, sunansa Goma. Yana bakin tafkin Kivu, dab da iyakar Ruwanda. Arewa da garin, wajen kilomita 15, akwai wani dutse da ake ce ma Nyiragongo. Tsawonsa mita 3,470 ne. Wannan dutse yana aman wuta.

Mi ne ne aman wuta?

Can cikin ƙasa akwai zafi ƙwarai, har duwatsu suna narkewa kamar ƙarfe a maƙera. In narkakken dutsen ya sami tsaga, sai ya fito, ya malala gangare. Zafinsa ya wuce digiri 1,000. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Gida ko gona, duk abin da ya tarar sai ya cinye.

Ran 17 ga Janairu 2002, gefen Nyiragongo ya tsage. Narkakken dutse ya ratsa tsakiyar Goma, ya rufe wani sashe na filin jirgin sama, ya faɗa cikin tafki. Mutane fiye da 100 sun mutu. Fiye da 300,000 sun gudu, yawancinsu zuwa Ruwanda. Fiye da 100,000 sun rasa gidajensu.

Da wuta ta huce, mutane suka komo. Sai tambaya ta taso: ina za a sake gini? In dutsen ya sake amai, ta ina wutar za ta bi?

Yadda inji yake aikin

Wasu masana na ƙasar Italiya sun nemi amsa da inji mai ƙwaƙwalwa, wanda ake ce ma kwamfuta.

Kowane manomi ya san halin ruwan sama. Ba ya hawa tudu, kwari yake nema. Narkakken dutse ma haka yake. Saboda haka masanan suka fara ba inji taswirar wurin duka. Taswirar tana nuna tsawon kowane tudu da zurfin kowane kwari.

Daga nan suka ce ma inji: in ƙasa ta tsage a nan, ina wutar za ta nufa? Inji ya yi lissafi, ya zana hanya. Amma narkakken dutse yana da kauri, yakan cika ɗan rami ya haye. Don haka kowane karo inji yakan ɗan sauya tsawon tudu da kwari, ya sake zane. Haka ya yi ta yi sau dubbai, daga wurare da yawa. Unguwar da hanyoyi masu yawa suka ratsa, ita ce mai babban haɗari.

Kafin su yarda da lissafin, sun gwada shi da aman 1977 da na 2002. Suka yi ta gyara har zanen inji ya dace da hanyar da wuta ta bi da gaske.

A 2009 suka fito da taswirar haɗari. Ta nuna gabashin Goma, inda wuta ta ci a 2002, shi ya fi ko'ina haɗari. Garin Gisenyi na Ruwanda ma bai tsira ba. Sun kuma gwada ganuwa cikin inji, don a ga inda za ta iya karkatar da wuta, tun ba a kashe kuɗin gininta ba.

Abin da inji bai iya ba

Inji yana nuna hanya, amma ba ya faɗin rana. Sanin lokaci aikin masu tsaron dutse ne. A Goma akwai ma'aikatar da ke auna girgizar ƙasa da hayaƙin dutsen.

Duk da haka, ran 22 ga Mayu 2021 dutsen ya sake amai ba tare da wata alama bayyananna ba. Wutar ta cinye gidaje masu yawa, ta yanke babbar hanya, ta tsaya a bakin gari. Mutane fiye da 30 sun mutu. Ran 27 ga watan hukuma ta ce a fita daga unguwanni 10, mutane wajen 400,000 suka bar garin.

Tun da ba a san ranar ba, amfanin taswira yana ga shiri. Da ita hukuma za ta san inda bai kamata a gina asibiti ko makaranta ba. Da ita mai gida zai san hanyar da zai fitar da iyalinsa, ko da cikin dare ne. Amma taswirar da ke kulle a ofis ba ta ceton kowa. Sai an kai ta unguwa-unguwa, an bayyana ma mutane ita da harshensu.