Jar giyar Irlanda a tukunyar gida

A shekara ta 1710 ne John Smithwick ya kafa masana'antar giya a Kilkenny, ƙasar Irlanda. A 2013 aka daina dahuwa can, aikin ya koma Dublin. Sai dai masu sha'awa na ci gaba da dafa irin wannan jar giya a gidajensu.

Jan launin daga ɗan gasasshen sha'ir yake fitowa. In an cika shi, giyar ta yi baƙi da ɗaci. Akan jiƙa tsiron sha'ir awa guda cikin ruwa mai zafin digiri 66, a tace, a tafasa da furen hublon, ya huce, a sa yisti. Tukunya marar tsabta kuwa, bayan jiran mako biyu, tsami kawai take bayarwa.