Ƙugiya Mai Gashin Tsuntsu: Su a Cikin Hunturu, Daga Ajiwa Zuwa Maine

  Shirinmu na musamman na yau zai kai mu bakin ruwa, wurin da mutane da yawa ba sa marmarin zuwa a irin wannan lokaci na hunturu. Za mu yi magana a kan su, musamman na fatsa, da wata sana'ar hannu da ake yi da gashin tsuntsu, irin wanda mu a nan Katsina muke sharewa mu zubar a bola.

(KIƊA)

Katsina ba gari ba ne na babban kogi. Gulabenmu na damina ne, kafin bazara sun koma rairayi. Kifin da ake kamawa a ƙasar nan, mafi yawansa daga madatsun ruwa yake fitowa. Akwai Ajiwa a ƙaramar hukumar Batagarawa, wadda aka buɗe a 1975, kuma daga cikinta birnin nan yake shan ruwan famfo. Akwai Zobe kusa da Dutsin-Ma, a kan gulbin Karaɗuwa, wadda aka kammala a 1983. Akwai ta Jibiya a kan gulbin Gada, da Mairuwa a wajen Funtuwa, da Sabke a ƙasar Daura. Duk tarwaɗa da karfasar da ke cikin waɗannan ruwaye a tsare suke: bango a gaba, busasshen gulbi a baya. A nan ake ƙyanƙyashe su, a nan suke girma, kuma idan aka ƙarar da su, babu wani teku da zai aiko da wasu.

To ashe akwai wani kifi a can arewacin duniya da ya sami kansa a irin wannan hali, kuma mutanen wurin suka gina al'ada guda a kansa. Sunansa samon. A bisa ɗabi'arsa, a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara tekun Atalantika ya yi girma, sannan ya hauro kogin da aka haife shi domin ya yi ƙwai. Amma bayan ƙanƙarar da ta taɓa rufe arewacin duniya ta narke, kimanin shekara dubu 10 da suka wuce, wasu daga cikinsu suka zauna a tafkuna, suka daina zuwa teku. Ana samun su a tafkin Sebago na jihar Maine a Amurka, da tafkin Saimaa a Finlan, da Vänern a Siwidin. Galibi ba sa kai girman 'yan'uwansu na teku. Yawancin waɗanda ake kamawa a Maine ba sa wuce kilo ɗaya ko biyu, ko da yake a 1907 an ciro wani daga Sebago mai nauyin kilo 10, wanda har yau ake labarinsa.

Abincin wannan kifi a Maine wani ɗan siririn kifi ne mai ƙyallin azurfa da suke kira simelt. Masuntan Maine suka ga tunda haka ne, me zai hana a ɗaura wa ƙugiya gashin tsuntsu ta yadda idan aka ja ta cikin ruwa za ta yi kama da wannan ɗan kifi? Babu tana, babu fara, babu hanjin kaza. Zare ne da gashi da ƙugiya mai dogon jiki, sai gwanintar hannu.

Wadda ta fi kowa suna a wannan aiki mace ce, Carrie Stevens, matar wani mai yi wa baƙi jagorar kamun kifi a wani wuri da ake kira Upper Dam, a yankin tafkunan Rangeley. A ranar 1 ga Yuli 1924 ta jefa wata ƙugiya da ta ɗaure da kanta a ruwan da ke ƙasan madatsar wurin, ta ciro wani kifi ɗan dangin samon mai nauyin kilo 3 da 'yan kai. Kifin ya zo na biyu a gasar mujallar Field & Stream ta wannan shekara, daga nan kuma wasiƙu suka yi ta zuwa ana neman ta ɗaura wa mutane irin ƙugiyarta. Mafi shahara cikin ƙirarta ita ce Gray Ghost, wadda har yanzu ake ɗaurawa. Abin da ya fi ba ni sha'awa a labarinta shi ne, ba ta amfani da ƙarfen da sauran masu sana'ar suke matse ƙugiya da shi. A tsakanin yatsunta take riƙe ta, tana naɗa zare, har ta gama. Ta rasu a 1970.

Bari in kwatanta muku yadda ake wannan ɗauri, domin duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula a Ƙofar Soro ko Ƙofar Ƙaura zai gane aikin nan take. Da farko ana naɗe jikin ƙugiya da zaren siliki ruwan lemo, sannan a bi shi da siririn zare mai ƙyallin azurfa, a karkace, yadda zai riƙa walƙiya kamar ɓawon kifi. A ƙarƙashi sai a ɗaura farin gashin wutsiyar barewa, shi ne cikin kifin, tare da 'yan silaye na gashin ɗawisu da ke zama layin da ya ratsa gefensa. A sama a jera dogayen gashin zakara masu ruwan toka, biyu a kowane gefe, su ne gadon baya da wutsiya. A kafaɗa a manna gajeren gashi mai zane-zanen baƙi da fari, a kansa kuma wani ɗan ƙarami mai ɗigo, wanda ke zama ido. A ƙarshe a naɗe kan da baƙin zare, a shafa masa gam. A hannu ba ta da wani kwarjini. Amma da ta jiƙe, gashin nan zai kwanta ya haɗe, idan an fizgi igiya ya tsuke, idan an saki ya buɗe, sai ka rantse ɗan kifi ne yake numfashi.

Da yake ƙugiyar ba ta da nauyi, ba ita ake jefawa ba. Igiyar ce mai kauri da nauyi, masunci yana kaɗa ta gaba da baya a iska da doguwar sanda mai lanƙwasa, har ta miƙe ta ajiye ƙugiyar a inda yake so.

(KIƊA)

Yanzu mu dawo kan maganar sanyi. Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa, zafin ruwan da yake ciki shi ne nasa. Samon kifin sanyi ne: da zafi yakan nutse can ƙasa, sai ruwa ya huce yake tasowa. Duk da haka, a tsakiyar hunturunsu, lokacin da saman tafki ya daskare, shi ma jikinsa yakan mutu. Masu fatsar gashi sai su koma inda doka ta bar su su yi su, galibi ruwan da ke fitowa daga ƙasan madatsa, wanda ba ya daskarewa. Su kan nutsar da ƙugiya sosai, su ja ta a hankali, su kuma jira rana ta ɗaga. Kifin da sanyi ya kama ba zai yi tsere don abinci ba, sai an kai masa har bakinsa.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne ga masuncin Ajiwa. Tambayi duk wani dattijo mai kwale-kwale, zai gaya maka cewa daga Disamba zuwa Janairu kifi yakan kwanta. Karfasa kifin zafi ce, da ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 sai cinta ya ragu ƙwarai, shi ya sa masu kiwon kifi a tankuna cikin gari suke rage abinci a wannan lokaci, don kada ya ruɓe ya ɓata ruwa. Tarwaɗa kuwa takan lafe a laka ko a gindin itatuwan da ruwa ya cinye. Mai fatsar da ya san aikinsa ba ya sammako a hunturu. Yakan bari sai hantsi ya dubi ludayi, hazo ya ɗan washe, ruwan gefe ya sha rana, sannan ya soka tanarsa. Shi da takwaransa na Maine ba su taɓa haɗuwa ba, amma karatu ɗaya suka yi.

Wani zai ce, to kifinmu zai yarda ya cafki gashi? Masu farautar 'yan'uwansu suna cafka. A kogin Faro da ke arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, baƙi suna zuwa daga ƙasashe masu nisa a lokacin rani, suna biyan kuɗi masu yawa, don kawai su kama tsage da giwan ruwa da irin wannan ƙugiya, su ɗauki hoto, su mayar da su ruwa. Waɗannan kifaye biyu muna da su a Kainji da kogin Kwara. A Afirka ta Kudu kuwa, irin tarwaɗarmu ɗin nan ake kamawa da ita. Sai dai ita tarwaɗa ta fi dogara da gashin bakinta wajen neman abinci, musamman a ruwa mai dauɗa irin namu, don haka ƙugiyar da za ta yi mata sai babba, baƙa, mai motsa ruwa.

Kayan aikin kuwa a ƙofar gidanmu suke. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigon nan, a shagunan masunta na Turai da Amurka a ƙulle ake sayar da shi, mu kuwa kullum masu fiɗar kaji a babbar kasuwa suna tara shi su zubar. Ga gashin wuyan zakara, ga na agwagwa, ga wutsiyar akuya, ga zaren kwalliya a wurin teloli, ga jan farce da zai tsaya a madadin gam.

Ba ina cewa ƙugiyar gashi za ta ciyar da gida kamar yadda birgi ko kalli ko mamari suke yi ba. Magidanci mai iyali ba zai ajiye tarunsa ya kama kaɗa igiya ba, kuma ba wanda ya isa ya ce masa ya yi haka. Abin da nake so mu ɗauka shi ne yadda mutanen Maine suka fahimci cewa kifin da ke tsare a tafki yana ƙarewa. Sun sa iyakar tsawon da za a ɗauka da adadin da mutum zai tafi da shi a rana, wasu wurare ma ba a yarda da komai ba sai fatsar gashi. Shi ya sa bayan shekara 100 jikoki suna kama irin kifin da kakanninsu suka kama a wuri guda.

Mu ma muna da doka. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana zuba guba, ta hana nakiya, ta hana wutar lantarki, ta kuma hana taru mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato wajen inci 3. Kafin dokar gwamnati ma akwai ta gargajiya. A Argungu, inda ake bikin su tun 1934, ana killace kogin Matan Fada a hana shiga sai ranar da aka buɗe, shi ya sa ake fito da manyan giwan ruwa da koma da gora kawai. Amma duk da haka har yanzu a ruwayen arewa ana jin labarin masu zuba gubar gamalin, da masu jan gidan sauro suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba. Wannan abu yana ƙona min rai. Guba a madatsar da gari yake sha ba kifi kaɗai take kashewa ba. Kuma masuntan Jibiya da Zobe, waɗanda rashin tsaro ya riga ya takura wa sana'arsu, ba su cancanci a ƙara musu da ruwan da babu komai a ciki ba. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji Hausawa. Mai jar koma dai yana barin na baɗi, mai guba kuwa ba ya bari.

Saboda haka muna kira ga sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta na Ajiwa, Zobe, Jibiya, Mairuwa da Sabke, da su zauna su tsayar da watannin hutun ruwa da girman idon taru, su kuma tsaya a kai. Ke uwargida, idan aka kawo miki ƙananan kifin da ba su isa kamu ba, ki ƙi saye. Kai kuma matashi mai hannun ɗinki, nemi ƙugiya da gashin zabo ka gwada, ka kai wa wani dattijon masunci ya duba maka, ku je bakin ruwa tare da hantsi. Duk abin da kuka gani, ku aiko mana mu karanta wa jama'a.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya albarkaci ruwayenmu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.