Baƙuwar da ke zuwa haihuwa a tekun Kwatano da Lome

Jama'a, kamar yadda shamuwa ke iso mana idan damina ta kusa, haka mutanen bakin teku su ma suke da tasu baƙuwar shekara-shekara. Ƴan uwanmu da ke Kwatano da Lome wataƙila kun taɓa jin ana zancen balen mai doro. Daga wajen watan Agusta zuwa Nuwamba ake ganinta a ruwan Benin da Togo, kuma daga Kwatano ana fita da jirgin ruwa takanas don kallonta.

Da yawa suna ce mata kifi, amma fa ba kifi ba ce. Iska take shaƙa, haihuwa take yi, tana shayar da ɗanta nono kamar saniya. Babbarta takan kai mita 15, nauyinta wajen tan 30, wato buhun hatsi 300 mai kilo ɗari-ɗari. Doron kuma, idan za ta nutse ne take lanƙwasa baya, shi ya jawo mata sunan.

To me ke kawo ta? Ba ci-rani take zuwa ba. Abincinta yana can ƙarshen kudancin duniya, tekun Antaktika mai ƙanƙara, inda take cika ciki da wasu ƴan mitsi-mitsin halittu masu kama da jatan lande, ta tara kitse. Idan sanyin can ya tsananta sai ta kamo hanya, dubban kilomita, zuwa ruwa mai ɗumi inda jariri zai iya rayuwa. Bayan cikin wata 11 zuwa 12 ta haifi ɗa guda, mai tsawon wajen mita 4. Duk tsawon zaman nan kusan ba ta cin komai, da tsohon kitsenta take rayuwa, da shi take shayarwa.

Nan ne maganar masu kallo ta shigo. Uwar da ba ta ci ba, idan jirgi ya bi ta a guje, ƙarfin da za ta koma gida da shi ne take ƙonewa. Shi ya sa a ƙasashe da dama doka ta ce a tsaya nesa da ita wajen mita 100, a rage ƙarar inji, kada a tare mata gaba, kada a shiga tsakaninta da ɗanta. A ganinmu, direban da ya kutsa don fasinja su sami hoto mai kyau bai san aikinsa ba. Ai an yi ta farautarsu har suka kusa ƙarewa kafin a hana a shekarun 1960. Yanzu kuma ragar masunta da manyan jiragen kaya ne ke yi musu barazana.

Wanda zai je, ya sa rigar ceto, kada ya cika ciki, don igiyar teku tana sa jiri da amai, balle mu ƴan tudu. Sai kuma haƙuri. Feshin numfashinta ake fara hangowa kamar hayaƙi. In an yi sa'a ta yi tsalle ta faɗo tim, ko ta ɗaga wutsiya kafin ta nutse. Zanen da ke ƙarƙashin wutsiyar nan kowace da nata, da shi masu bincike ke gane wadda ta dawo bana.