Ƙaiƙayin Kare da Kyanwa: A Nemo Sanadi Kafin a Nemi Magani

Karen da ke yini yana lasar ƙafafunsa, ko kyanwar da ta soshe wuyanta har ya yi jini, ba lalle ne ƙazanta ke damunsu ba. Sau da yawa borin jini ne, irin wanda ke kama ɗan Adam: garkuwar jiki ta ɗauki abin da ba shi da wata illa tamkar cuta, ta far masa. A wajen mutum abin kan zo da atishawa da yoyon hanci, amma kare da kyanwa fatarsu ce ta fi shan wuya. Borin jini ba ya yaɗuwa, saɓanin ƙazuwar kare da kan kama sauran dabbobi har da mutanen gida. Da yake alamunsu sun yi kama, likitan dabbobi kan kankari fatar ya duba kafin ya yanke hukunci.

Abin da za a fara zargi shi ne ƙuma. Yawun da take zubawa wajen cizo shi jikin ke ƙi, kuma cizo ɗaya ko biyu sun isa su hana dabbar barci na kwanaki. Gashi kan zube daga tsakiyar baya zuwa gindin wutsiya. Ko ba a ga ƙumar ba, a taje gashin a kan farar takarda mai lema. In baƙin ɓurɓushin da ya zubo ya narke ya koma ja, kashin ƙuma ne, jinin dabbar ne ta sha. Macen ƙuma na iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, suna zubowa kan buhu ko tabarmar da dabbar ke kwanciya. Wanda ya yi wa kare magani ya bar makwancinsa, aikin baban giwa ya yi.

Na biyu shi ne borin jinin da ke bin yanayi. Garin furen ciyayi, da fumfuna lokacin damina, da wasu ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar ɗaki waɗanda ido ba ya gani, duk suna tayar da shi. Iskar hunturu kuma tana busar da fata, ƙaiƙayin ya ƙaru. A karnuka yakan fara ne tsakanin wata 6 da shekara 3 da haihuwa, ya kama fuska, hammata, ciki da tsakanin yatsu, kunne ya riƙa wari yana fitar da baƙar dauɗa. Yana da kyau mai dabba ya riƙa rubuta watan da abin ke tashi da watan da yake lafawa, domin wannan bayanin na rage wa likita lalube.

Na uku shi ne na abinci, wanda ba ruwansa da rani ko damina, kuma wani lokaci yakan haɗa da amai ko gudawa. Mutane kan ɗora laifin kan sabon abinci, alhali galibi wanda dabbar ta daɗe tana ci ne: naman shanu, madara, kaza ko alkama ga kare, naman shanu, kifi ko kaza ga kyanwa. Gwajin jini ba abin dogaro ba ne a nan. Hanyar da ta tabbata ita ce a tsare dabbar mako 8 a kan nama iri ɗaya da ba ta taɓa ci ba, kamar na zomo, tare da dankali idan kare ne. A gidajenmu nan gizo ke saƙar, domin ragowar tuwo da miya, ko ƙashin da yaro ya jefa daga kwanonsa, sun isa su ɓata gwajin. In ƙaiƙayin ya lafa, sai a dawo da tsohon abincin. Idan ya sake tashi cikin mako 2, an gano mai laifi.

Kafin a gano sanadin akwai abin da zai kawo sauƙi. A riƙa goge ƙafafu da cikin dabbar da jiƙaƙƙen tsumma bayan ta shiga ciyawa, a yi wa kare wanka da ruwa mai sanyi da sabulun dabbobi, ban da omo, a wanke makwanci a shanya a rana. Man kifi na taimaka wa fata. Prednisolone na kashe ƙaiƙayi da sauri, amma yana sa ƙishirwa da yawan fitsari, daɗewa a kansa kuma na raunana garkuwar jiki. Akwai sabbin magunguna irin su Apoquel, wanda aka amince da shi don karnuka a Amurka a 2013. Dukkansu sai da umarnin likita.

Kada a shafa wa dabba baƙin mai, kananzir ko fiya-fiya; guba ne da za ta lashe. Farasitamol na kashe kyanwa, haka ma maganin ƙumar kare mai sinadarin permethrin. In fuska ta kumbura ko numfashi ya sarƙe bayan harbin zuma ko allura, a garzaya asibiti nan take.

Borin jinin yanayi ba ya warkewa gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi, amma dabbar da aka gano matsalarta kan rayu lafiya. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a jihohi, da na koyarwa a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. A kai dabbar tun fatar ba ta fara mugunya ba.