Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi Wajen Warware Aljabara da Lissafin Siffofi: Misali Daga Miri

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin sakandare a Miri, kan hanyar Jos daga birnin Bauchi, yakan karɓi aikin gida da Ingilishi, amma in ya zauna da yayansa ko abokinsa da dare, da Hausa suke warware shi. Wannan maƙala za ta duba abin da ke faruwa ga ma'ana a yayin wannan juyi. Batun ya ƙara muhimmanci tun da Gwamnatin Tarayya ta soke, a Nuwamban 2025, manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare, domin yanzu a gida ne Hausa za ta fi ɗaukar wannan nauyi.

2.0 Aljabara

Kalmar ta samo asali daga "al-jabr" da ke cikin sunan littafin Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Ma'anarta ta asali ita ce ɗori, irin na karaya. A ganinmu wannan ma'ana ta fi kowace fassara amfani ga ɗalibi. Idan aka ba shi 3x − 4 = 11, an karye 4 daga ɓangaren hagu. Sai ya ɗora ta, ya kuma ƙara 4 a dama don kada ma'auni ya rinjaya, ya sami 3x = 15. Ya raba kowane ɓangare gida uku, x ta zama 5.

Hausa ba baƙuwa ba ce a nan. Mai cewa "ashirin ba biyu" ya riga ya furta 20 − 2. Malaman rabon gado kuwa sun daɗe da sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni. Ko a ƙarni na 18 an yi Muhammad al-Katsinawi, masanin hisabi da ya rasu a Alƙahira a 1741.

3.0 Lissafin Siffofi

A nan ne gizo ke saƙa. Alwatika da da'ira da murabba'i sun zauna daram, amma "tsawo" na nufin miƙewar abu a ƙasa da kuma tashinsa sama, "kusurwa" kuma tana nufin lungun siffa da kuma buɗewar da ake aunawa da digiri. Wadda ta fi rikitarwa ita ce "faɗi". Ɗauki gona mai kusurwa huɗu miƙaƙƙu, tsawonta ya ɗara faɗinta da mita 5, kewayenta mita 50. Rabin kewaye shi ne tsawo da faɗi, wato x + (x + 5) = 25, don haka x = 10, tsawo kuma 15. To, in aka ce "nemi faɗin gonar", 10 ake nufi ko murabba'in mita 150? Manomi zai fahimci na biyu, littafi kuwa na farko yake nufi. Yaron da ya rubuta 150 bai kasa lissafi ba. Kalmar ce ta raba masa hankali.

Ƙamus ɗin kimiyya da lissafi cikin harsuna tara da aka wallafa a 1987 ya tsaya ne a matakin firamare, ba a tsara shi don buƙatun sakandare ba. Shawararmu ita ce a keɓe "faɗi" ga gefe ɗaya, a kira 150 ɗin "girman fili", a kuma bambanta "tsawo" da "bisa".