Ƙullutun mama da ake gani ba zato a hoton asibiti

Ƙullutun mama da ake gani ba zato shi ne duk wani ƙari, kumburi ko sauyi da likita ya ci karo da shi a cikin mama yayin duba hoton da aka ɗauka domin wata matsala daban. Misali, ana iya yi wa mace hoton ƙirji saboda tari mai tsawo, ciwon zuciya ko haɗarin mota, sai a ga wani abu a mamanta alhali ba ta taɓa jin komai ba. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru yana buƙatar ƙarin bincike, domin wani lokacin shi ne alamar farko ta kansar mama.

Yadda ake cin karo da shi

An fara amfani da na'urar CT a kan majiyyaci a Landan a 1971, bisa aikin injiniya Godfrey Hounsfield. Tun daga lokacin amfani da ita ya yaɗu, kuma duk hoton ƙirji da ta ɗauka yakan haɗa da mama. Haka ma hoton MRI na zuciya, hanta ko ƙashin baya. Na'urar PET kuwa tana nuna wuraren da ke zuƙar wani nau'in sukari mai ɗauke da sinadarin haske da ake yi wa mutum allurarsa. Ƙwayoyin kansa suna zuƙarsa da yawa, amma maman mai shayarwa da wurin da ya kumbura saboda ƙwayoyin cuta su ma suna yin haka.

Haɗarin kansa

Wani nazari da mujallar likitanci ta BMJ ta wallafa a 2018 ya tattara binciken da aka yi kan abubuwan da ake gani ba zato a sassan jiki daban-daban. Ya samu cewa na mama ne suka fi yawan zama kansa, kimanin kashi 42 cikin 100. Wannan adadi ya shafi waɗanda aka bibiya ne, kuma yana sauyawa gwargwadon shekarun majiyyata da irin na'urar. Duk da haka yana nuna cewa fiye da rabi ba kansa ba ne.

Alamomin da ke ƙara zargi sun haɗa da ƙullutu marar daidaiton siffa, gefe mai tsinke-tsinke kamar ƙaya, kaurin fata, lotsewar kan nono zuwa ciki, da kumburin kaluluwar hammata. Ƙullutu mai santsin gefe, ko mai cike da ruwa ko kitse, galibi ba shi da illa. Maza ma abin yana shafarsu, sai dai abin da aka fi gani a wurinsu shi ne girman nono marar illa, kuma kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na kansar mama ke kama maza.

Bincike na gaba

Ba a ƙera CT domin duba mama ba, kuma ba ta nuna ƙananan ɗigon alli da ke iya zama alamar kansa tun tana sabuwa. Saboda haka likita kan fara kwatanta hoton da tsofaffin hotunan majiyyaciya, ya duba maman da hannu, sannan ya tura ta hoton mamogiram ko na altirasawun. Idan zargi bai gushe ba, sai a ciri ɗan nama da allura a auna shi a ɗakin gwaje-gwaje. Wannan awon ne kaɗai ke tabbatar da kansa.

Ana bayyana sakamako da tsarin BI-RADS na Kwalejin Likitocin Hoto ta Amurka, mai matakai daga 0 zuwa 6. Mataki na 3 na nufin yiwuwar kansa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma akan sake hoto bayan wata 6. Mataki na 4 yana buƙatar awon nama, na 5 kuma yiwuwarsa ya kai kashi 95 ko fiye.

Muhimmanci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano kansar mama a jikin mata miliyan 2.3, kuma ta kashe mutum 670,000. Kansar da aka gano da wuri ta fi jin magani. A ƙasashen da gwajin mamogiram na yau da kullum bai wadata ba, ciki har da Najeriya, hoton da aka ɗauka don wani ciwo na iya zama damar farko ta gano cutar.

Babbar matsalar ita ce ɓacewar bayani: likitan hoto ya rubuta abin da ya gani a ƙarshen rahoto, likitan da ya nemi hoton kuma hankalinsa na kan huhu ko zuciya. Shi ya sa ake shawartar majiyyata su karɓi kwafin rahotonsu, su tambayi ko an ga wani abu da ke buƙatar bibiya.