Ɗakin Baya na Asibitin Haƙori



Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya san yadda ake zuwa wurin likitan haƙori: hannu dafe da kumatu, ido ya yi ja, ba ka da wani buri sai a raba ka da azabar. A kwantar da kai a kujera, a haska maka fitila, a ce buɗe baki. Shi ke nan, ka koma ɗan kallo, kallon ma na rufin ɗaki. Ƙarfen da aka zura maka ba ka gan shi ba, balle ka san daga bakin wa ya fito kafin ya shiga naka. Ko tambaya ta zo maka, da wane bakin za ka yi ta?

To, yau za mu bar wannan kujera mu leƙa ɗakin baya, inda marar lafiya ba ya shiga.

A can ake wanke kayan aiki, a busar, a rufe su cikin 'yan jakunkuna, sannan a jera su a wata tukunya ta ƙarfe mai dafa kaya da tururi mai matsi. Zafinta kan kai digiri 134, kuma sai kayan sun yi aƙalla minti 3 a wannan zafi. In a digiri 121 ne, lokacin ya fi haka tsawo sosai. A jikin jakar akwai alama mai sauya launi in zafi ya kama ta. Hukumar CDC ta Amurka ma cewa ta yi a riƙa gwada tukunyar kanta duk mako, a sa mata wasu ƙwayoyin cuta masu taurin rai a ga ko ta kashe su, a kuma rubuta sakamakon a littafi. Dalilin wannan ɗawainiya kuwa, ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 da ranta a busasshen jini. Kuma awartakin da ya dahu da wanda aka ɗauraye kawai, duk ƙyalli ɗaya suke yi.

Wa ke wannan aiki? Galibi wanda albashinsa ya fi na kowa ƙanƙanta, wanda sunansa ba ya kan allon da ke bakin ƙofa.

Mu je birnin Tulsa a jihar Oklahoma ta Amurka. A watan Maris na 2013 hukumomin lafiya suka nemi mutum kusan 7,000 su je a gwada jininsu, ko sun kamu da ciwon hanta ko HIV. Dukkansu sun taɓa kwanciya a kujerar wani likitan tiyatar baki mai suna Scott Harrington. Masu bincike da suka shiga asibitinsa sun tarar da kayan aiki masu tsatsa, da magungunan da wa'adinsu ya wuce, da mataimaka marasa lasisi suna yi wa mutane allurar sa barci. Tukunyar tururin kuwa ta yi shekara shida ba a yi mata gwajin da ya kamata ba. Daga baya aka tabbatar cewa mutum ɗaya ya ɗauki ciwon hanta nau'in C daga wani marar lafiyar a wannan asibiti, kuma likitan ya miƙa lasisinsa a 2014.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekara shidan nan. Likita ɗaya ba ya iya yin sakacin shekara shida shi kaɗai. Kullum safiya akwai mai kunna tukunyar, akwai mai kwashe kayan, akwai mai miƙa masa ƙarfe da tsatsarsa a tafin hannu. Idanu da yawa sun gani. Wataƙila wani ya yi gunaguni a zuci, wataƙila wata ta ce ai ba ni ce mai asibitin ba. Haka dai aka yi ta tafiya har abin ya zama jiki.

Ba a daɗe ba sai ga makamancinsa a Ingila, kusa da Nottingham. A watan Nuwamba na 2014 hukumar lafiya ta NHS ta yi kira ga mutum wajen 22,000 da wani likita mai suna Desmond D'Mello ya duba cikin fiye da shekara 30, su zo gwaji. Yadda asirin ya tonu shi ne abin lura. Wani ne ya ɗauki bidiyonsa a ɓoye na kwana uku, aka gan shi yana tashi daga bakin wannan ya shiga na wancan ba wanke hannu, ba sauya safar hannu. A 2016 majalisar da ke kula da aikin haƙori a Birtaniya ta soke sunansa daga rajista. Nas ɗin da ke aiki tare da shi ita ma sai da ta gurfana a gaban kwamitin, domin tun 2008 doka ta wajabta wa nas-nas na haƙori a can su yi rajista, kowa ya ɗauki nauyin abin da hannunsa ya yi. Cewa "oga ne ya sa ni" ba ta wanke kowa.

Wanda ya ɗauki bidiyon ya ceci mutane, babu ja. Amma ku duba lamarin ta wani gefen. Wurin aikin da gaskiya ba ta fita sai ta kyamarar ɓoye, ai tuni ya lalace. Da a ce akwai ranar da wani zai iya cewa "Likita, safar hannunka," shi kuma ya ce "Af, na gode," da labarin bai kai gidan talabijin ba.

A nan ne zancen ya shafe mu. Mu mutane ne masu girmama na gaba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Yarinyar da ta gama makarantar koyon aikin haƙori bara, ta samu aiki da ƙyar, ga likita sa'an mahaifinta, da wane ido za ta kalle shi ta ce Yallaɓai, a dakata? Ɗauki misali: ana tsakiyar dafa kaya aka ɗauke wuta. Janareta ba mai, ko kuma akwai amma mai asibiti yana lissafin kuɗin dizal. Mutum shida na jira a benci, ɗaya tun asuba ya taso daga ƙauye. Kayan sun yi zafi, amma ba su cika lokacinsu ba. Babu wanda zai sani in an kwashe su haka. Jami'an majalisar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Najeriya ba sa ɗakin a wannan minti. Ita kaɗai ce, da tukunya, da Allah. Ciwon hanta nau'in B kuwa ya yi yawa a ƙasashenmu, kuma da yawan masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba.

Abin da za ta yi ya danganta ƙwarai da abin da ta ga ya faru da wanda ya yi magana kafin ita. In tsawa aka daka masa a gaban jama'a, ta koyi darasi, za ta ja bakinta. In kuwa likita da kansa ya fita ya ce wa masu jira, "Ku yi haƙuri, kayan ba su dahu ba, sai nan da awa guda," to ta koyi wani darasin dabam. Shi ya sa nake ganin riƙon amanar ma'aikata daga mai gida yake farawa. Ba a rubuta shi a takarda a manna a bango a ce an gama.

Haka yake a wajen cire haƙori. Babban mutum haƙora 32 gare shi, turame kuma sun yi kama da juna, ga ciwon kan yaudari mai shi ya nuna na kusa da mai laifin. Cire lafiyayyen haƙori a bar ruɓaɓɓe kuskure ne sananne a wannan sana'a. Asibitocin da suka san abin da suke yi, kafin a kama awartaki sai nas ta karanta lambar haƙorin da ƙarfi, a duba kati, a duba hoto, marar lafiya ma ya amsa. Wannan karatu ba shi da amfani in mai karantawar ba ta da ikon cewa lambar ba ta yi daidai ba. In kuma ƙaddara ta faɗa duk da haka, a Ingila doka ce tun 2015 asibitin haƙori ya gaya wa mutum gaskiyar abin da ya faru, ya kuma ba shi haƙuri, in cutarwar ta kai wani mizani.

Ga kuma batun kuɗi, a taƙaice. Haƙorin da cikewa za ta ishe shi kar a kai shi ga aiki mai tsada. Farashin da aka faɗa a tebur shi ne na rasit. Mai ba da kati ita ce ta fi kowa sanin ko hakan na faruwa, ita ce kuma ke haɗuwa da mutanen nan a gidan biki da gidan suna.

Asibitin haƙori dai da bakin mutane yake cin kasuwa. Wanda aka yi wa aiki mai kyau zai turo matarsa, ita kuma ta turo maƙwabciya. Su duka sunan likita za su riƙa ambata, ba wanda zai tuna da mai tsaron tukunya.

Saboda haka in ka je nan gaba, kafin a ce buɗe baki, kana da damar neman a yage jakar kayan a gabanka, ka ga alamar ta sauya launi. Sannan ka lura da wanda ya amsa maka: nas ce ta yi bayani kai tsaye, ko sai da ta saci kallon likita tukuna?